Injin Gas Da Ya Cije: Yadda Ake Ciro Shi Daga Mota

Injin gas da ya cije shi ne wanda karanshaf ɗinsa ya ƙi juyawa ko da an sa doguwar sifana a notin fuli an danna. Abu uku ne kan kai shi ga haka: ƙarewar baƙin mai har metal ya narke ya manne da karanshaf, zafin da ke kumbura fistin ya maƙale, da kuma ruwa a cikin silinda. Na ukun shi ne cutar damina a unguwannin Nasarawa da Kudenda na Kaduna, inda motoci kan kutsa cikin ruwan da ya kwanta a hanya bayan an sauka daga bayafas na Nnamdi Azikiwe.

Duk inda mota ta mutu a haka, ba a rasa mai cewa a ɗaura mata igiya a ja, a saki kulochi a giya biyu, za ta sake. Wannan dabarar mataccen batir ce, ba ta cijajjen inji ba. Injin gas ba ya jiran tartsatsin fulogi. Iska yake matsewa kamar sau 16 zuwa 22 har zafinta ya kunna man. Saboda haka gurbin da ya rage a saman fistin na motar haya irin Hiace bai kai rabin kofin shayi ba. Iska kamar buhun auduga take, ana zama a kai ya lotsa. Ruwa kuwa buhun tsakuwa ne. Wanda ya toshe bakin sirinji cike da ruwa ya danna ya san babu inda za shi. Jan motar tamkar kirɓa taɓarya ne a turmin da aka cika da dutse: dutsen yana nan, taɓaryar ce za ta tsage. A inji, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf ce ke lanƙwashewa, wani lokaci ta fasa bulok ta leƙo waje. Gyaran da ciro nozul da zubar da ruwa zai isar masa sai ya koma sayen wani inji.

Idan nozul ya fita kuma inji bai motsa ba, sai saukewa. Ana fara cire kan batir na negatif, a tsiyaye mai da ruwa, a fitar da lagireto, a kwance salansa da wayoyi, a yi wa kowace waya alama. Bututun mai na sababbin injuna yana aiki da matsin da ya haura ma'aunin bar 1,500, don haka ba a sassauta shi sai matsin ya sauka.

Wahalar tana wajen raba inji da giyabos. A mota mai kulochi, sandar giyabos zarewa take yi daga faifan kulochi, babu buƙatar juya komai. Otomatik ba haka ba ce. Notinan da suka ɗaure kwanbata da faifan bayan inji ta ƙaramar taga ake kai musu, ɗaya bayan ɗaya, ana juya karanshaf don na gaba ya bayyana. Inji ya cije, taga ta tsaya a kan noti ɗaya, ko ma babu. Makanike kan sauke kwanon mai ya sassauta marufan metal ko karanshaf zai saki. In ya ƙi, sai a ɗago inji da giyabos tare, ko a zaro injin miƙe da kwanbatar a jikinsa. Karkatawa kaɗan a nan kan lalata famfon giyabos, asara ta zama biyu.

Injin gas na ƙaramar bas kan haura kilo 200, na tirela kuwa ya kusa tan guda. Duk da haka ana ganin cenbulok rataye a reshen dalbejiya, yaron gareji a ƙasa yana tura hannu. Ƙa'ida ita ce ƙarfe mai ƙafa uku ko kuren, sarƙa a maƙale a kunnuwan ɗagawa da masana'anta ta yi wa injin, giyabos a kan jak, sannan a kwance mazaunin inji a ƙarshe. Man da aka tsiyaye kuma sau da yawa kwata yake bi, kwatar Nasarawa kuwa Kogin Kaduna take nufa, kuma ba kasafai ake ganin jami'in da ya tsaya ya tambaya ba.

Bayan an sauke, buɗe kan silinda da kwanon mai ke nuna hukunci. Karanshaf da ya ƙuje ana iya kai shi injin gogewa a sa masa metal mai kauri. Bulok da ya fashe sai kasuwar Panteka, a nemo ɗan Beljiyam. Ko wanne aka zaɓa, sai an wanke ko an canza na'urar sanyaya mai da bututun tabo, domin garin ƙarfen tsohon inji da ya laɓe a cikinsu yana iya cinye metal ɗin sabon tun a tafiyar farko.