Fason kujerar mota: Yadda ake gane ciwon da yadda ake maganinsa

Duk wanda ya saba hawa motar da ta kwana biyu ya san irin kujerar nan: fatarta ta dare kamar diddigen da faso ya kama a tsakiyar hunturu, soso yana leƙowa ta gefe, wani lokaci ma bakin tsagar ya kama wa mutum wando ko hijabi. Masu mota da yawa kan rufe ta da riga su manta. Wasu kuma su kashe kuɗi mai kauri a sauya fatar gaba ɗaya. Amma sau tari kujerar ba ta kai ga haka ba. In an gane abin da ya same ta da wuri, ana iya ceto ta da kayan aiki kaɗan da haƙuri. Wannan ilimi ne da ɗalibin sakandare zai iya fahimta, har ya mayar da shi sana'a.

Fata ce ko leda?

Tambayar farko da gwanin kushin ke yi ke nan. Kalmar leda da muke amfani da ita ta samo asali ne daga sunan fata a Turanci, amma a Hausa ta koma nufin roba. Haka abin yake a mota. Kujeru da yawa da ake ce wa na fata, wurin zama da na jingina ne kawai fata ta gaske, gefe da baya kuwa roba ce da aka yi wa zanen fata.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a duba bayan abin ta inda ya yage. Bayan fatar gaske yana da gashi-gashi mai laushi. Leda kuwa a jikin yadi ake manna ta, don haka za ka ga saƙa ko wani farin ƙyalle a bayanta. Bambancin yana da muhimmanci, domin fata tana karɓar gyara ta daɗe, amma ledar da ta fara ɓarewa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa ta gama yayi, sai dai a cire ɓangaren a ɗinka sabo.

Abin da ke sa ta tsagewa

Fatar kujerar mota yawanci ƙirgin sa ce. In aka duba ta da madubin kimiyya za a ga zaruruwa ne masu ɗimbin yawa da suka sarƙe da juna, waɗanda masana ke kira kolajin. Jima ita ce ke hana waɗannan zaruruwa ruɓewa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke yi, manyan masana'antu kuwa sun fi amfani da sinadarin kuromiyam, wanda ya fi sauri kuma yake ba da fata mai laushi. Bayan jima sai a shayar da fatar mai, domin zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna in an lanƙwasa ta. Daga ƙarshe a fesa mata launi, a bi da wani siririn fentin roba da zai kare ta daga ruwa da datti.

Wannan fenti na sama shi ne yake fara karyewa. Motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu, zafin cikinta yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Zafi da hasken rana suna sa fentin ya yi tauri, man da ke cikin fatar kuma ya riƙa raguwa. Sai hunturu ya zo da busasshiyar iska da ƙura. Ƙurar nan ƙananan tsakuwoyi ne, kuma duk lokacin da aka zauna ana goga su a jikin kujerar kamar samfefa. Gumi da man shafawa su ma suna shiga ta ƙananan kafofi su raunana fentin. Shi ya sa gefen kujerar direba na wajen ƙofa yake riga ko'ina lalacewa: nan ake gogawa wajen shiga da fita.

Matakan gyara

Mataki na farko wanki ne. Ana amfani da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi da buroshi mai laushi, a fitar da dattin da ya maƙale cikin tsagar, a goge, a bari ta bushe a inuwa. Ba a sa fetur ko kananzir ko garin sabulun wanki, domin suna cinye fentin su busar da fatar. Bayan ta bushe, sai a ɗan shafa sifirit a daidai wurin da za a gyara don a cire maiƙo. In da sauran maiƙo, duk abin da aka shafa daga baya zai ɓare.

Na biyu, a bi bakin tsagar da samfefa mai laushi, irin mai lamba 600 ko sama da haka, a hankali, har sai yatsa ya daina jin kaushi.

Na uku shi ne cikewa. Akwai wani kwaɓi na musamman da ake sayarwa don fata, wanda ko ya bushe yana lanƙwasuwa. Ana shafa shi da ƙaramin cokali mai faɗi, siriri-siriri, a bari kowane shafi ya bushe kafin a ƙara wani. A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Wanda ya lafta shi da kauri lokaci guda, samansa zai bushe cikinsa na ɗanye, ba da jimawa ba ya sake darewa. In tsagar ta cika ta yi daidai da sauran fatar, sai a sake bi da samfefa.

Na huɗu launi ne. Wannan shi ne wurin da ake gane idon gwani, domin baƙi ma kala-kala ne, kuma rana ta riga ta koɗe asalin launin kujerar. Ana haɗa launin, a gwada a ɓoyayyen wuri, a duba shi a hasken rana bayan ya bushe. Sannan a riƙa ɗiga shi da soso a kan gyaran, shafi biyu ko uku, ana ɗan zarcewa gefe don kada a ga iyaka. A rufe da fentin kariya, kuma kada a zauna a kai sai ya kwana.

In fatar ta yage har soso ya fito, sai an fara yi mata gado. Ana yanka ƙyalle mai ƙarfi da ya ɗan fi ramin faɗi, a cusa shi ta ƙarƙashi, a manna bakin fatar a kansa da gam mai laushi, sannan a ci gaba da cikewa. Gam ɗin nan mai kamawa nan take ba ya yi, domin yana ƙanƙarewa kamar gilashi, fatar ta tsage a gefensa. Idan kuwa ɓarnar ta yi yawa, mai kushin zai warware ɗinkin, ya ɗora tsohon ɓangaren a kan sabuwar fata ya yanko irinsa, ya ɗinka, ya kuma ƙara soso inda ya lotsa.

Ɗinkin da ba a taɓawa da wasa

A nan gyaran kujera ya wuce maganar kwalliya. Tun 1994 da kamfanin Volvo ya fara saka jakar iska a gefen kujera, motoci da yawa suka bi sahu, ciki har da tokumbon da suka cika titunanmu. Jakar tana naɗe ne a cikin gefen majinginar, kuma ɗinkin wurin an yi shi da zaren da aka auna ƙarfinsa, yadda zai tsinke cikin ƙasa da ƙiftawar ido in aka bugi motar ta gefe. Wanda ya sake ɗinke wurin da zare mai kauri, ko ya manne shi da gam, ko ya sa wa kujerar rigar da ba a yi ta don haka ba, yana iya hana jakar fitowa daidai a ranar da ake buƙatarta.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, duba gefen kujerar. In ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, bar wannan ɗinkin ga ƙwararre. Haka nan wayoyin da ke ƙarƙashin kujera masu kan ruwan ɗorawa na jakar iska ne. Ba a zare su sai an cire batirin mota an jira wasu mintuna, kuma aikin mai wayarin ne.

Rigakafi

Ajiye mota a inuwa, ko sa abin tare rana a gilashi, ya fi kowane magani. A riƙa goge ƙura da ɗanyen tsumma duk mako, musamman da hunturu. Kada a shafa wa kujera man gyaɗa ko basilin ko baƙin mai da sunan tausasa ta. Fentin sama ba ya barin su shiga, sai su zauna a kai suna tara ƙura. Man goge takalmi kuwa a jikin farar rigar fasinja zai ƙare.

Sana'ar da ke da tushe a gida

Aikin fata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatun jar akuyar Sakkwato sun daɗe suna ratsa Sahara, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko saboda ta can suke isa gare su. Har gobe akwai dukawa a Kano da Sakkwato da Damagaram, akwai masana'antun jima a Sharaɗa da Chalawa, akwai kuma cibiyar NILEST a Samarun Zariya da ke koyar da fasahar fata har matakin difloma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙirgin sa, domin da yawansa ganda yake zama a tukunya kafin ya kai wurin majemi.

Ɗalibi ko ɗalibar da ke son gwadawa kada su fara da motar baba. A nemi tsohuwar jaka ko takalmi ko yankin fatar da masu kushin suka zubar, a koyi wanki da cikewa da haɗa launi a kai. In hannu ya fara faɗawa, sai a nemi izinin iyaye a je wurin mai kushin na unguwa a dogon hutu, a fara da miƙa masa almakashi da warware tsohon ɗinki.