Dokar takarda da dokar wurin aiki: abin da masu bincike suka gano a ma'aikatun Nijar

Ga wata tambaya da ake yawan yi a fada da bakin kasuwa. Yaro ya yi shekara 13 a lakwal, ya ci bak, ya wuce jami'a a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Iyaye sun saida tumaki, yayansa da ke Libiya ko Abijan ya yi ta aiko kuɗi. Ya gama, Allah ya ba shi aikin gwamnati. To amma kafin shekara biyu sai a ga aikinsa ya koma irin na waɗanda ya tarar: zuwa a makare, tsawa ga talaka, fifita na gida. Me ke sauya shi?

Akwai masanan da suka daɗe suna bin diddigin wannan tambaya a cikin ƙasarmu. Cibiyarsu ana ce mata LASDEL, an kafa ta a Yamai a 2001, tana kuma da reshe a Parakou ta ƙasar Benin. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya fara bincike a yammacin Nijar tun shekarun 1960, da Farfesa Mahaman Tidjani Alou na jami'ar Abdou Moumouni.

Yadda suke aikinsu shi ne su je gidan likita, ko kotu, ko ma'aikatar magajin gari, su zauna kwana da kwanaki suna kallon abin da ke gudana. Suna hira da babban likita da mai shara, da ungozoma da mai gadi, da marar lafiya da mai jinyarsa, cikin harshen da mutum yake ji. Gani dai ya kori ji. A 2003 Olivier de Sardan da Yannick Jaffré suka jagoranci fitar da littafi kan mu'amalar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar: Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan. Matsalolin da aka gani a biranen biyar sun yi kama da juna ƙwarai. Ke nan ba halin wata ƙabila ko wata ƙasa ba ne, tsarin aikin ne ke haifar da su.

Babban abin da suka gano shi ne kowace ma'aikata dokoki biyu gare ta. Akwai ta takarda, wadda aka koya wa ma'aikaci a makaranta. Akwai kuma wadda ba a rubuta ko'ina ba, amma kowa a wurin ya san ta, kuma ita ake bi kullum. Sabon ma'aikaci yana koyon ta biyun ne daga ranar da ya fara sanin makamar aiki, ta hanyar kallon na gaba da shi.

Ga misali daga ɗakin haihuwa. Akwai wata takarda da ake so ungozoma ta riƙa cikawa lokaci bayan lokaci yayin da mace ke naƙuda, don a gane da wuri in haihuwar za ta zo da gardama, a tura ta babban asibiti. Masu binciken sun tarar a wurare da dama sai bayan an haihu ake cika ta. In mai duba aiki ya zo daga birni, zai ga takarda cike tsaf, alhali amfanin da aka yi ta dominsa bai samu ba.

Misali na biyu kowa ya san shi: sanayya. Wanda ke da ɗan uwa, ko aboki, ko wani da ya sani a ciki, shi ake fara gani, shi ake sakar wa fuska. Wanda ya taso daga ƙauye bai san kowa ba sai ya yini a benci. Na uku, barin aiki don suna, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar mutuwa, abin da ba a lissafa shi laifi. Na huɗu, horo ba ya tasiri: shugaba ya hukunta ma'aikaci, kafin yamma an kira shi daga sama ana roƙo, ko ana gargaɗi.

Sai dai masu binciken ba su tsaya ga ɗora laifi a kan ma'aikata ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ku tuna a 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. An tsara cewa gidan likita zai yi aikin, gwamnati ta biya shi daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci fiye da shekara. Magani ya ƙare a kanta. Majo ya rasa yadda zai yi, sai ya rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo a waje. A idon uwar, majo ne ya cuce ta, alhali matsalar daga Yamai ta taso. Haka malamin kwantaragi da kuɗinsa ke makara, ya bar aji ya tafi gari neman haƙƙinsa. Wasu dokokin wurin aiki cuta ce zalla, wasu kuwa dabara ce ta mutumin da aka ba aiki ba a ba shi kayan aiki ba.

Mu masu zuwa neman aiki ma da hannunmu a ciki. Mutumin da ke kukan an fifita wani a kansa yau, gobe in ƙanensa ya zama ma'aikaci shi ne zai fara cewa yaron ya yi girman kai don ya sa shi bin layi. Ma'aikacin da ya ƙi yin alfarma yana iya rasa mutunci a cikin dangi, kuma wannan nauyi ne da ba kowa ke iya ɗauka ba.

Ina mafita? A 2010 an buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Masu digiri sun ƙaru, abin farin ciki ne. Amma binciken ya nuna ƙarin takardu da tarurrukan horaswa kaɗai ba sa taɓa dokar wurin aiki, domin mutum yana dawowa daga taro ya iske abokan aikinsa yadda ya bar su. Haka ma tsare-tsaren da ake kawowa daga waje iri ɗaya ga kowace ƙasa, sau da yawa a takarda suke tsayawa.

Abin da masanan suka fi ba muhimmanci shi ne masu gyara daga ciki. A kusan kowane yanki akan sami majo, ko ungozoma, ko daraktan lakwal da ya gyara wurinsa da ɗan abin da ke hannunsa, saboda ya san dokar da ake bi ta gaskiya, ya kuma san wadda za ta sauyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan mutane galibi ba a san da su ba, kuma da an canza musu wurin aiki sai gyaran ya bi su.

Saboda haka in garinku ya dace da irin wannan ma'aikaci, ku riƙe shi da kyau. Kwamitin gidan likita da na iyayen yara su faɗi alherinsa gaban magajin gari da shugabanninsa. Ku kuma iyaye da yayye masu biyan kuɗin karatu, ran da ɗanku ya kama aiki, ku zama na farko da za su bi layi a gabansa.