Ruwa Garau, Kifi Na Mutuwa: Ina Dattin Tankin Murjani Yake Zuwa?

A ce ka haɗa tankin gilashi, ka zuba ruwan gishiri, ka sa kifaye masu launi da murjani mai rai. Ruwan ya yi garau kamar ka ɗiba ka sha. Bayan kwana biyar sai ka tarar da kifi ɗaya ya mutu, sauran suna haki a saman ruwa. Me ya faru, alhali ba ka ga datti ko kaɗan ba?

Dattin da ke kisa a irin wannan tanki narkakke ne a cikin ruwa, ido ba ya ganinsa. Kuma duk abin da ka zuba a tanki yana nan ciki har sai ka fitar da shi da kanka.

Daga abinci zuwa guba

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, mafi yawa ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa. Kashinsa da ragowar abinci su ma idan suka ruɓe amoniya suke bayarwa. Ruwan tankin murjani yana da ma'aunin pH wajen 8.1 zuwa 8.4, kuma yayin da pH ke hawa, kason amoniyar da ke cikin siffarta mai guba yana ƙaruwa. Shi ya sa ɗan kaɗan ma yakan yi ɓarna.

Masu ceton kifin su ne bakteriya. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya zuwa naitirait, wani kuma ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta amoniya ba. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan bakteriya, sai sun ɗauki kamar mako 4 zuwa 6 suna hayayyafa a jikin duwatsu da yashi. Kifin da ya mutu a misalinmu gaggawa ce ta kashe shi: an sa shi kafin masu sharar su iso.

Inda aikin bakteriya ya tsaya

To, amma lura da abu ɗaya. Bakteriyan nan siffar datti kawai suka sauya. Naitiret yana ci gaba da taruwa, tare da fosfet da ke shigowa ta abinci. Dukansu taki ne, dangin wanda manomi ke zubawa a gona.

Murjani dabba ce, ba tsiro ba ce. A cikin jikinsa akwai ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya da ke haɗa abinci da hasken rana su ba shi. Ya saba da ruwa mai ƙarancin taki, kamar na Bahar Maliya a gaɓar Sudan. Idan taki ya yi yawa, gansakuka ta samu abin da take so: ta lulluɓe duwatsu, ta tare wa murjani haske. Fosfet mai yawa kuma yana rage masa ƙarfin gina ƙashinsa na alli.

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwada ya san tilas a riƙa canza ruwa. Bambancin shi ne tarwada tana jure ruwan da murjani ba zai kwana a cikinsa ba.

Ƙofofin fitar da datti

Ta farko ita ce canjin ruwa, kamar kashi 10 cikin 100 duk mako. Yi lissafin da kanka: idan naitiret ya kai miligiram 40 a lita, ka canza kashi 10, ya koma 36 ne kawai. Idan kifayenka suna ƙara miligiram 4 a mako, kana nan inda kake. Don haka rage abinci da rage yawan kifi sun fi kowace na'ura tasiri.

Ta biyu, na'urar kumfa. Tana hura ƙananan kumfar iska a cikin ruwa, datti ya manne musu, su tashi da shi zuwa wani kofi da za ka zubar. Amfaninta shi ne tana kama dattin tun kafin ya ruɓe.

Ta uku, duwatsu masu ramuka. Can cikinsu inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, wasu bakteriya suna mayar da naitiret zuwa iskar naitirojin, ta fice daga ruwan gaba ɗaya.

Ta huɗu, kiwon ciyawar teku a wani ƙaramin tanki da aka haɗa da babban. Tana shan naitiret da fosfet, kai kuma ka riƙa yanke ta kana zubarwa.

Sosan tace ruwa fa? Yana kama datti, amma in ba ka wanke shi duk bayan kwana biyu ko uku ba, a nan dattin zai ruɓe ya koma cikin ruwa.

Kurakurai biyu da za ka kiyaye

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Idan ruwan tanki ya ragu saboda zafi, ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan. Ka cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Ruwan famfo ko na rijiya kan zo da nasa naitiret da fosfet.

Na biyu, kada ka nemi mayar da naitiret da fosfet sifili. Murjani da halittun da ke jikinsa suna buƙatar ɗan kaɗan, in babu sai ya koɗe.

Don haka ka mallaki kayan gwajin ruwa tun kafin kifi na farko. Ka gwada duk mako, ka rubuta sakamakon a littafi. Idan lambar naitiret tana hawa mako bayan mako, abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, sai ka fara gyara daga abincin da kake zubawa.