Tankin Kifin Teku: Dalilin Jira Kafin A Zuba Kifi

Cikin shekarar 1853 aka buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi na farko a gidan namun daji na birnin Landan. Tun daga lokacin sha'awar ajiye kifin teku cikin tankin gilashi ta yi ta bazuwa, har ta shiga gidajen mutane a ƙasashe da dama. Amma abin da yakan jawo wa sabon shiga asara bai canza ba: ya haɗa ruwan gishiri yau, ya zuba kifi gobe, kafin mako ya zagayo duk sun mutu, alhali ruwan garau yake.

Abin da ke kashe su daga jikinsu yake fitowa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. A teku yawan ruwa yana salwantar da wannan guba, amma a tanki mai lita 200 ba ta da wurin zuwa. Har ila yau, ruwan teku ya karkata wajen kanwa, ba wajen tsami ba, kuma a irin wannan ruwa amoniya ta fi dafi.

Masu kawar da ita waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Rukuni na farko yana mai da amoniya naitirait, na biyu kuma ya mai da naitirait naitirat, wanda kifi ke iya jure wa in bai yi yawa ba. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware irin waɗannan bakteriya cikin 1890. An daɗe ana zaton bakteriya kaɗai ke cin amoniya, sai a 2005 masana suka ware wata halitta ta wani jinsi dabam, mai suna Nitrosopumilus maritimus, wadda ita ma aikinta ke nan. Abin sha'awa, ba a tsakiyar teku suka samo ta ba, a wani tankin gidan kallon kifi ne na birnin Siyatil a Amurka.

To, waɗannan halittu ba su da saurin hayayyafa. Akwai bakteriyar da ke ninka yawanta cikin minti 20, su kuwa sukan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci fiye da kwana guda. Kuma ba yawo suke yi cikin ruwa ba, manne wa dutse da yashi da mataci suke yi. Shi ya sa kafa su ke cin mako huɗu zuwa shida.

Yadda ake yi ba wuya. A narka gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 ga kowace lita, cikin ruwan da ba kulorin (gishirin miya ba ya yi), a riƙe ɗumin ruwan wajen digiri 25, a bar famfon tanki yana juya shi dare da rana, domin halittun suna bukatar iska. Sa'an nan a ba su abinci: ko a ɗiga amoniya tsantsa, ko a jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe. Dutsen da aka ɗauko daga tsohon tanki mai lafiya yana gajarta jiran ƙwarai, don da irinsa yake zuwa. A da akan sa kifi mai taurin rai ya zama shi ne tushen amoniyar, wannan kuwa azabtarwa ce da ba ta da dalili.

Awon ruwa ne ke nuna inda aka kwana. Da fari amoniya ta hau, sai ta faɗi naitirait ya hau, daga baya shi ma ya faɗi, naitirat ya bayyana. In aka ƙara amoniya kaɗan, aka ga ita da naitirait sun koma sifiri cikin kwana guda, tanki ya nuna. Sai a canza wani kashi na ruwan don rage naitirat, a soma da kifi ɗaya ko biyu, a dakata makonni kafin a ƙara, domin yawan halittun gwargwadon abincin da suka saba samu ne. Mataci kuwa, da ruwan tankin ake wanke shi, don kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su.