Idan Ruwa Ya Daskare A Bututun Ƙarƙashin Ƙasa

Wanda ya baro Kano ko Damagaram ya sauka Kanada, sanyin da ya sani shi ne mai fasa leɓe da dunduniya. Na can har ƙasa yake ratsawa. Sai mutum ya wayi gari ya murɗa famfo, ya ji ɗan huci, ko ɗigo babu. A hunturun 2013 zuwa 2014, a birnin Winifeg na lardin Manitoba, ƙasa ta daskare har zurfin fiye da mita 2, dubban gidaje suka rasa ruwa, wasu suka yi makonni suna rayuwa da tiyo da aka jawo musu daga gidan maƙwabta.

Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe hanya, ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe ya rasa mafita, sai bututu ya tsage. Saboda haka da ka ga ruwa ya tsaya, buɗe famfo ka bar shi a buɗe, ka kuma tabbatar ka san inda babban makunnin ruwan gidan yake, domin tsagewar ba ta bayyana sai bayan an narkar.

Kada ka kusanto da wuta. Ta walda ce, garwashi ne, duk ɗaya: bututun roba narkewa zai yi, na ƙarfe kuma ya kai zafi cikin katakon gini, gobara ta tashi. Inda hannu ke kaiwa, wato wurin da bututun ya shigo gida, na'urar busar da gashi ko tawul da aka jiƙa da ruwan zafi sun isa, ka fara daga ɓangaren famfo. Wanda ke binne kuwa aikin mai gyaran famfo ne. Yakan zura siririn tiyo cikin bututun har ya taɓa ƙanƙarar, yana tura ruwan ɗumi, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan har ta huje. Akwai kuma injin da ke ɗumama bututun ƙarfe da lantarki. Ba ya aiki a kan roba, kuma a hannun wanda bai iya ba yakan ƙona wayoyin gida. Kira hukumar ruwa tukuna, wataƙila toshewar a ɓangarensu take.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne bayan ruwa ya dawo. Rana ta fito a watan Maris, sai a ɗauka an tsira, a rufe famfo, washegari a koma gidan jiya. Ƙasa ba ta ɗumama da saurin iska; sama na narkewa, ƙasan na nan daskare. Bar ruwa yana zuba siriri, kamar kaurin fensir, dare da rana, har hukuma ta ce a daina. Kuɗin ruwan bai kai na tono bututun ba.

Wani abin mamaki, dusar ƙanƙara bargo ce ga ƙasa. Inda aka share ta, kamar hanyar shigar mota, nan sanyi ya fi nutsawa, don haka kada ka kwashe ta daga kan layin bututu. Kafin sanyi ya kama, a watan Oktoba, cire tiyon lambu, rufe makunnin famfon waje daga ciki, ka tsiyaye ruwan da ya rage. Bututun da ya saba daskarewa kowace shekara, ko dai a ƙara masa zurfi, ko a shimfiɗa masa allon soso mai tare sanyi, ko a sa masa wayar ɗumamawa.