Famfara Ba Hujjar Sakaci da Haƙoran Yara Ba Ce

Akwai maganar da ake yawan ji a gidajenmu idan haƙorin ƙaramin yaro ya fara baƙi ko ya yi kogo: "Ƙyale shi, ai haƙorin madara ne, zai yi famfara wani ya fito." Masu faɗin haka ba ƙin 'ya'yansu suke ba. Sun ga yadda haƙoran yara ke zubewa sababbi su tsiro, sai suka ɗauka wahalar kula da abin da zai faɗi ba ta da amfani. Amma akwai kuskure a cikin wannan lissafi, kuma yaro ne ke biyan kuɗinsa.

Mu fara da lokaci. Haƙorin farko kan fito ne wajen wata 6, kuma kafin shekara 3 yawanci guda 20 sun cika. Na gaba su ke fara faɗuwa wajen shekara 6, amma turame, waɗanda yaro ke tauna tuwo da nama da su, suna nan har shekara 10 zuwa 12. Turmin da ya ruɓe yaro yana shekara 3, ke nan shekaru bakwai ko fiye zai yi yana fama da shi. Yaron da haƙori ke yi wa zogi ba ya cin abinci yadda ya kamata, barcinsa ma rabi-rabi ne, uwa kuwa ta rasa dalilin kukan dare.

Sannan sabon haƙorin ba daga sama yake zuwa ba. Yana kwance a cikin dasashi, ƙarƙashin na madarar, yana girma a hankali. Idan ruɓa ta ci har saiwa ta tara mugunya, tana iya taɓa wanda ke ƙasa ya fito da tabo ko rauni. Idan kuma aka cire na madarar da wuri, maƙwabtansa sai su matso cikin gurbin, sabon ya rasa wuri ya fito a karkace. Haƙorin madara mai tsaron fili ne, ba ya barin wurin sai mai shi ya iso.

Wasu kan ce ai tsutsa ce, ba yadda za a yi. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukari suna fitar da sinadari mai tsami da ke cinye ɓawon haƙori, wanda a na yara ya fi na manya siranta. Shi ya sa mafi munin al'ada ita ce a kwantar da yaro da fida cike da shayi ko kunu mai sukari. Cikin barci yawu na raguwa, zaƙin ya kwana a kan haƙoran sama na gaba, kuma su ne ke fara lalacewa. Yawan tsotsar alawa da kurɓar lemon kwalba a wuni ya fi cutarwa a kan yawan abin da aka sha a zama guda. Ƙwayoyin kuma suna iya ratsawa daga bakin babba, ta cokali ɗaya ko abincin da aka tauna wa jariri.

Rigakafin bai fi ƙarfin kowa ba. Tun kafin haƙori ya fito, a riƙa goge dasashin jariri da tsumma mai tsabta da ɗan ruwa. Da zarar na farko ya leƙo, a samu buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare. Babba ne zai goge masa, domin hannun ɗan shekara 2 bai iya ba. Bayan gogewar dare, ruwa kawai.

Iyaye, ku riƙa ɗaga leɓen yaranku kuna dubawa. Farin layi mai kama da alli a gindin haƙori shi ne alamar farko, kuma a wannan matakin likitan haƙori na iya tsayar da ruɓar kafin ta zama kogo.