Ƙarar da amfilifayar masallaci ke yi bayan an kashe ta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, wani ladani a nan Adawlato ya zo mini da damuwa: duk lokacin da ya gama kiran asuba ya kashe amfilifaya, sai ta yi "bum!" ta biyo da wani kuka, har wasu suka fara cewa aljanu ne. Ba aljanu ba ne. Kowace ƙara da sababinta, kuma sanin sababin zai tsare mana dukiyar masallaci.

A cikin na'urar akwai ma'ajiyar wuta da masu gyara ke kira kondansa. Ko an kashe ta, wutar da ta tara ba ta ƙarewa nan take. Shi ya sa murya kan ci gaba da fita na 'yan daƙiƙu tana dusashewa. Wannan ba ciwo ba ne. Haka ma "kas-kas" ɗin da jikinta ke yi daga baya, ƙarfe ne ke hucewa.

Amma idan "bum" mai ƙarfi ta fito ta lasifika, to kondansa sun tsufa, ko kuma ɗan makunnin da ke cire lasifika kafin wuta ta sauka ya lalace. Wannan ita ce mai ƙone siririyar wayar da ke cikin lasifika. Idan kuwa "tas" ce daidai lokacin danna maɓalli, tartsatsi ne a bakin makunnin. Muna bakin teku a Lome, iskar gishiri na sa ƙarfe tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta ƙara. Idan gurnani ya ci gaba har sai an zare waya daga bango, wuta ba ta daina shiga ba ke nan, a nemi mai gyara a ranar.

Gwajin mai sauƙi ne. A mayar da murya ƙasa gaba ɗaya, a zare makirufo da sauran wayoyin da ke shiga, sannan a kashe. In ƙarar ta ɓace, laifin na abin da aka zare ne. In tana nan, daga cikin na'urar take. Ƙa'ida kuma: amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa.

Ɗalibai, kada ku buɗe ta. Wutarmu volt 220 ce, kuma kondansa na iya fizgar mutum ko bayan an zare waya.

Kayan masallaci amana ne da aka saya da sadakar talakawa. Maƙwabcinmu, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, yana da haƙƙin kada mu razana shi da asuba. Gyaran ƙaramin makunni ya fi sayen sabuwar lasifika araha.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana. Wallahu a'alam.